Sagara ko zakara? Kwatancen hanyoyin gane jinsin ɗan tsako kafin abinci ya ƙare a kansa

Shekarun baya na sayi kwali guda na 'yan tsaki a hannun wani mai talla a bakin kasuwa. Farare ne masu ɗan ruwan ɗorawa-ɗorawa, su 50, kuma ya rantse mini da girman Allah cewa duk mata ne, 'ya'yan kajin ƙwai. Kuɗinsu bai kai ko kusa da na gidan gona ba, araha ta rufe mini ido. Da suka shiga wata na huɗu sai unguwa ta daina barcin asuba. A cikin waɗanda suka rayu babu mace ko ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai daga baya shi ne, rabin maganar mutumin gaskiya ce: 'ya'yan kajin ƙwai ne. Sai dai a irin waɗannan kajin, matan jajaye suke fitowa daga ƙwai, mazan kuma farare. Amsar tana rubuce a jikin gashinsu tun ranar, ni ne ban iya karatun ba.

Wannan rubutu na wanda yake tsaka mai wuya ne: yana da akurki a bayan gida, yana son ya riƙa ƙyanƙyasa da kansa ko ya sayo 'yan tsaki, kuma yana son sanin mace da namiji da wuri. Hanyoyin da ake bi guda shida ne, kuma babu wadda ta haɗa komai.

Ma'aunan da za a duba

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin sayen tsako kaɗai ba. Ɗan tsakon kajin ƙwai yana cinye kusan kilo 1 na abinci a sati 6 na farko. Idan ka ƙyanƙyashe 50, kusan rabi maza ne, wato buhu guda mai kilo 25 ya tafi a kan zakarun da wataƙila ba ka da niyyar riƙewa. Na biyu daidaito: cikin goma, nawa za ka dace? Na uku ɗorewa: dabarar za ta ci gaba da aiki a kan jikoki da tattaɓa-kunne, ko kuwa zuriya ɗaya ce ta mutu? Wannan ma'aunin shi ne mutane suka fi mantawa, kuma shi ya fi cizon su. Na huɗu sauƙi, wato ko uwargida da yara za su iya ba tare da horo ba. Na biyar haɗari ga ran tsakon da kuma aljihunka.

Akwai tambaya guda da ta kamata ka amsa kafin duk waɗannan: shin zakara asara ne a wurinka? A Turai asara ne, har kamfanoni suka saba hallaka mazan kajin ƙwai ranar da aka ƙyanƙyashe su, sai da Jamus ta haramta hakan daga farkon 2022. A wurinmu kuwa zakara kuɗi ne. Sallah, suna, Kirsimeti, baƙon da ya sauka ba zato, duk zakara ne ke fita kunya. Saboda haka wanda yake da fili da dusa mai araha ba ya cikin matsi irin na wanda ke sayen abincin buhu a tsakiyar birni.

Abin da ke ƙarƙashin launin gashi

Sai an fahimci abu ɗaya sannan sauran za su zauna. A jikin kaji, zaren gadon da ke yanke jinsi iri biyu ne, masana suna kiransu Z da W. Zakara yana ɗauke da Z biyu, kaza tana da Z ɗaya da W ɗaya. Ka ga ke nan akasin ɗan Adam: a kaji uwa ce ke yanke ko tsako namiji ne ko mace. Idan ta ba shi Z ɗinta ya zama namiji, idan ta ba shi W ya zama mace.

Abin da hakan ke nufi shi ne, 'ya mace ba ta samun Z daga uwarta ko kaɗan, na ubanta kaɗai take ɗauka. Ɗa namiji kuwa yana karɓar ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma a nan 'ya ce ke gadon uba, ɗa kuma ya ɗauko kamannin uwa idan nata halin ne mai rinjaye. Halaye uku masu amfani suna zaune a kan zaren Z: launin azurfa (wani irin fari ne) da ke danne ja, zanen ratsi-ratsi na baƙi da fari, da kuma jinkirin tsirowar gashin fiffike. Dukkansu masu rinjaye ne. Ƙa'idar kuma ɗaya ce ba ta canzawa: uwa ta ɗauki hali mai rinjaye, uba ya zama ba shi da shi. Idan aka juya, aka sa halin a jikin uba, duk 'ya'yan za su fito iri ɗaya, maza da mata.

Hanya ta ɗaya: haƙuri da ido

Ita ce hanyar iyayenmu, kuma ita kaɗai ke aiki a kan kowace irin kaza, ta Hausa ce, durgu ce, ko Noiler da wasu ke kira maja, waɗanda ke zuwa da launuka barkatai kuma galibi a gauraye ake sayar da su. Daga sati 4 zuwa 6 zankon namiji yana fara girma yana ja, leɓarsa tana leƙowa, ƙafafunsa suna kauri, yayin da zankon mace ke nan ƙarami fari-fari. Wajen sati 10 zuwa 14 gashin wuya da na gadon bayan namiji yana fitowa siriri mai tsini da sheƙi, na mace kuwa bakinsa a zagaye yake. Wannan alamar ta gashin baya ta fi zanko tabbas, don akwai sagarar da ke saurin yin zanko, akwai kuma zakaran da ke lafewa saboda wani ya fi shi ƙarfi a garke.

Kuɗinta shi ne abincin da za ka zuba kafin gaskiya ta bayyana. Ɗorewarta ba iyaka. Haɗari babu. Gwaggona, wadda ta fi shekara 40 tana kiwo, takan tsuguna da safe ta watsa tsaki, ta yi shiru tana kallo. Ta taɓa ce mini, "Kai yaro, bar ɗaga su kana jujjuyawa. Dubi wancan da ya miƙe wuya da inuwar shirwa ta gifta, sauran suka lafe. Wannan na tukunyar Sallah ne." Na ce, "Gwaggo, sati uku fa kacal gare shi." Ta ce in jira. Ta dace a kansa, amma na kuma ga ranar da ta kuskure, don haka hali alama ce, ba hujja ba.

A nan zan sallami dabarun da ke yawo: wai ƙwai mai tsini zakara ne, mai zagaye kaza, wai a rataya allura da zare a kan tsako a ga yadda za ta juya, wai a riƙe shi ta ƙafa a kife a ga ko zai ɗago kai. Duk canki-canka ne, rabi da rabi, kuma ta ƙarshen tana wahalar da tsako a banza. Zafin injin ƙyanƙyasa ma ba ya mai da namiji mace, an gama yanke wannan tun kafin a saka ƙwan.

Hanya ta biyu: jan zakara da kaza mai azurfa

Wannan ita ce sirrin kwalin da aka sayar mini. Idan jan zakara, misali Rhode Island Red, ya bi kaza mai ɗauke da azurfa, 'ya'ya mata suna fitowa ja-ja ko ruwan ƙasa kamar ubansu, maza kuma farare ko ruwan ɗorawa mai haske kamar uwarsu. Da zarar sun bushe, yaro ɗan firamare zai raba su kwando biyu. Da wannan dabarar ake samar da ISA Brown da 'yan uwanta jajayen kajin ƙwai, kuma fararen zakarun gidan gona da ake sayarwa da araha 'yan uwansu ne ciki ɗaya. Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ma daga layukan Rhode Island ta fito, layin uba ja, layin uwa fari.

Inda gizo ke saƙa shi ne gane kaza mai azurfa. Ba kowace farar kaza ba ce. Fari iri-iri ne a kaji: akwai fari mai rinjaye irin na Leghorn wanda ke shafe baƙi, akwai fari mai ɓuya wanda sai an gada ta uwa da uba yake bayyana, kuma dukansu biyu ba a kan zaren Z suke ba. Farar kazar Hausa da ke tsakar gidanka tana iya zama kowanne. Wadda za ka fi amincewa da ita ita ce mai farin jiki da baƙi a wuya da jela, kamar Light Sussex ko Light Brahma. Brahma ta shigo hannun masu kiwon sha'awa a garuruwanmu, sai dai tana da tsada, tana jinkirin balaga, ga jiki da gashi har ƙafa, zafin Afrilu yana ba ta wuya. Baƙar kaza kuwa ba ta shiga wannan lissafin, don baƙin yana rufe azurfar da jan gaba ɗaya a jikin tsako.

Akwai hanyar talaka. Farin zakaran gidan gona yana ɗauke da azurfa ɗaya da ja ɗaya. Ka sa shi a kan jajayen kajinka, kusan rabin 'ya'yansa mata za su taso farare masu azurfa. Waɗannan ka ware, ka haɗa su da jan zakara. Zai ci ka kusan shekara kafin ka kai ga zuriyar da kake so, amma ba ka sayi kaza mai tsada ba.

Daidaito: kusan babu kuskure idan iyayen tsantsa ne, yana raguwa idan akwai gauraye. Ɗorewa: zuriya ɗaya tak. Wannan shi ne ramin da mutane ke faɗawa. Ka ɗauki jar sagarar da ka samu ka haɗa ta da farin ɗan uwanta, 'ya'yansu za su fito rabi ja rabi fari, a cikin mazan da cikin matan duka. Launin ya daina magana. Idan kana son abin ya ci gaba, dole ka riƙe layi biyu daban, har da zakara mai azurfa wanda zai riƙa haifa maka sababbin iyaye mata. Akurki biyu ke nan aƙalla, da zakaru biyu da za ka ciyar.

Hanya ta uku: kaza mai ratsi da zakaran da ba shi da ratsi

Ginin ɗaya ne da na sama, halin ne ya bambanta. Uwa mai ratsin baƙi da fari, irin Barred Plymouth Rock, uba ja ko baƙi wanda ba shi da ratsi. Duk 'yan tsakin baƙaƙe suke fitowa, amma namiji yana da ɗigon fari a tsakar kansa, kamar an ɗiga masa nono, mace kuma kanta baƙi ƙirin. Baƙaƙen kajin ƙwai irin Harco da Nera Black haka ake yin su, shi ya sa zakarunsu ke girma da ratsi-ratsi, matan kuma baƙaƙe da ɗan ja a wuya.

A ganina wannan ta fi ta biyu dacewa da gidajenmu, saboda waɗannan zakarun masu ratsi sun daɗe suna cuɗanya da kajin Hausa, kaza mai ratsi ba ta wuyar samu a ƙauye ko a kasuwar kaji. Kuma ba kamar azurfa ba, ratsi a fili yake, kana ganinsa da ido. Kaza dai idan tana da shi to tana da shi, tunda Z ɗinta ɗaya ne, ba ta da wurin ɓoyewa.

Amma a yi hattara da kalmar wake-wake. Muna kiran duk kaza mai baƙi da fari wake-wake, alhali zane biyu ne ko uku. Ka ciro gashi ɗaya ka shimfiɗa a tafin hannu. Idan ka ga layuka suna gittawa, baƙi, fari, baƙi, fari, tun daga gindi har baki, to shi ne ake nema. Idan gashin baƙi ne sai ɗigon fari a ƙarshensa kawai, wannan wani hali ne daban da ba ruwansa da jinsi. Fayoumi ta Masar ma tana da zane mai kama da ratsi, amma nata ba a kan Z yake ba, ɗigon kai ba zai fito ba. Sannan kazar da ta fito daga gauraye takan haifi wasu 'yan tsaki masu ruwan ƙasa, inda ɗigon ke wuyar gani. Maganin wannan shi ne a yi amfani da baƙin zakara tilis, don yawancin 'ya'yan su zo baƙaƙe. Farin zakara kuwa kada ma a fara, yana iya shafe komai.

Kuɗi kaɗan, sauƙi sosai, haɗari babu, ɗorewa zuriya ɗaya. 'Ya'ya matan ba su da ratsi, ba za su iya maimaita aikin uwarsu ba.

Akwai kajin da aka gina su don su tsallake wannan matsalar. A Jami'ar Kambirij ta Ingila, Reginald Punnett da Michael Pease sun lura cewa zakaran da ya gaji ratsi a kan Z ɗinsa duka biyu ya fi kaza, mai Z ɗaya, haske tun yana tsako. Daga nan suka samar da irin kajin da ake kira Cambar wajen 1929, daga baya Legbar ta biyo. A irin waɗannan, uwa da uba iri ɗaya ne, kuma kowace zuriya ana gane mace da namiji ranar farko. Ita ce amsar da ta haɗa sauƙi da ɗorewa, matsalarta kawai samun tsantsarta a kasuwanninmu, kuma da zarar zakaran maƙwabci ya tsallako katanga, an koma gidan jiya.

Hanya ta huɗu: gashin fiffike

Ita ce ta fi yawo a bidiyoyin Facebook da TikTok, kuma ita aka fi yi wa mummunar fahimta. Ana buɗe fiffiken tsako ɗan kwana ɗaya a gaban fitila. A bakinsa akwai layi biyu na ƙananan gashi masu kama da tsinke. Idan na ƙasa sun fi na sama tsawo, ana ganin dogo, gajere, dogo, gajere, mace ce. Idan tsawonsu ɗaya, namiji ne. Gaskiya ne, amma da sharaɗi: sai uban mai saurin gashi ne, uwar kuma mai jinkiri. Kamfanoni suna tsara iyayen da gangan, musamman a fararen kajin ƙwai da wasu layukan burola. A kan kajin tsakar gida da ba ka san gadon iyayensu ba, abin da kake gani saurin gashi ne kawai, ba jinsi ba. Lokacin dubawar ma gajere ne, bayan kwana 2 ko 3 bambancin yana dushewa.

Wanda ke son kafa ta a gida sai ya bi 'yan tsakinsa tun suna ƙanana, ya sa wa masu jinkirin gashi alama, ya ajiye rubutu. Aiki ne mai yawa, kuma a garin da ake hunturu mai tsanani, tsakon da ya daɗe tsirara ba abin so ba ne. Ban ga dalilin da mai kaji 20 zai ɗora wa kansa wannan ba.

Hanya ta biyar: duba dubura

Masana a Japan, Kiyoshi Masui da abokan aikinsa, su suka bayyana ta a shekarun 1920, aka gabatar da ita a taron kaji na duniya a Otawa ta Kanada a 1927. Ana matse kashin tsako, a buɗe duburarsa, a nemi wani ɗan ƙullutu da bai kai kan allura ba. Gwanayen da suka yi dogon horo suna raba kusan 1,000 a awa guda, suna dacewa a sama da 95 cikin 100, kuma tana aiki a kan kowane iri. Ga wanda bai koya a hannun gwani ba, sakamakon biyu ne: kuskure da gawa. Ɗan matsi kaɗan ya wuce kima, hanjin tsako ya fito. Kada ka koya a kan naka.

Gwajin gashi a ɗakin bincike yana nan, masu tsuntsaye masu tsada irin aku suna yi, amma kuɗinsa ya ninka na tsakon.

Hanya ta shida: sayen waɗanda aka riga aka tantance

Ka biya, a ba ka kwalin mata zalla daga gidan ƙyanƙyasa ko wakilinsa da aka sani. Ita ta fi tsada a rana ɗaya, ita kuma ta fi saurin kai ka ga ƙwai: jajayen kajin nan suna fara saka wajen sati 18 zuwa 20, suna iya kai ƙwai 300 a shekara idan abinci da kulawa sun cika, yayin da kazar Hausa ke yin 40 zuwa 60. Sai dai ba sa kwanci sai nadiran, ba sa jure sakaci, kuma duk zagaye sai ka koma ka saya. Yawancin manyan gidajen ƙyanƙyasa suna kudu maso yamma, wajen Ibadan, saboda haka tsakon da ya iso Kano ko Sakkwato ya sha doguwar tafiya a mota, sai an tarbe shi da ruwa da ɗumi. Haɗarin da ya fi shi ne cinikin biri a sama. Makaminka shi ne abin da ka karanta a sama: idan an ce jajayen kajin ƙwai ne, tsakon ya zama ja. Idan baƙaƙe ne, ka duba tsakar kai ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka rina kore da shuɗi ana tallarsu ga yara kuwa, ka ɗauka zakaru ne.

| Hanya | Kuɗi | Daidaito | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Haƙuri da ido | Abincin sati 6 zuwa 14 | Mai kyau idan an jira | Har abada | Kowa zai iya | Babu |
| Ja da azurfa | Matsakaici zuwa mai yawa | Sosai, ranar farko | Zuriya ɗaya | Mai sauƙi | Kuskuren zaɓen uwa |
| Ratsi da ɗigon kai | Kaɗan | Sosai a baƙin tsako | Zuriya ɗaya | Mai sauƙi | Ruɗanin wake-wake |
| Gashin fiffike | Kaɗan, aiki da yawa | Sai an san iyaye | Zuriya ɗaya | Sai an saba | Yaudarar kai |
| Duba dubura | Kuɗin gwani | Sosai a hannun gwani | Kowane iri | Mai wuya ƙwarai | Mutuwar tsako |
| Sayen tantattu | Mafi tsada | Sosai daga amintacce | Sai an sake saye | Mafi sauƙi | Algus, wahalar hanya |

Abu biyu suna rusa hanya ta biyu da ta uku ko da an zaɓi iyaye daidai. Na ɗaya, kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta har sati 2 zuwa 3. Idan ka ɗauko ta daga cikin garke yau ka haɗa ta da jan zakara, ƙwan da za ta saka gobe wataƙila na tsohon mijinta ne. Killace ta sati 3 tukuna. Na biyu, ƙwan da za a ƙyanƙyashe kada ya wuce kwana 7 a ajiye, a wuri mai sanyi, tsinin yana kallon ƙasa. Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. Tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kazar Hausa mai kwanci ta fi injin da zai mutu a dare na 15: a zuba mata ƙwai 10 zuwa 12, ba ta tambayar na wa ne. Kuma duk wannan lissafin banza ne idan annobar kaji ta Newcastle ta shigo da hunturu ta share akurki, alhali rigakafinta, har da wanda cibiyar Vom ta Jihar Filato ke yi, bai kai kuɗin kaza ɗaya ba.

Wace ce taka?

Idan kajinka ba su wuce 10 zuwa 20 ba, suna yawo suna tsince-tsince, kuma kana sayar da zakara lokacin Sallah, zauna a kan hanya ta ɗaya. Sanin jinsi ranar farko ba zai ƙara maka ko sisi ba, tunda duka za ka riƙe.

Idan a birni kake, fili kaɗan, maƙwabta ba sa son cara, ƙwai kawai kake nema don gida ko shago, sayi tantattu daga wanda za ka iya komawa wurinsa idan an samu matsala. In ma jarin ya kai, sayi sagarun da suka kusa fara saka, ka huta da rainon tsako.

Idan kana son ka riƙa sayar wa mutanen unguwa 'yan tsaki kana ce musu wannan mace ce da gaba gaɗi, hanya ta uku ce mafarinka: kaji huɗu ko biyar masu ratsi na gaske, baƙin zakara ɗaya, akurki mai ƙofa. Ka riƙe zakara mai ratsi guda a gefe don sabunta iyaye mata. Idan kasuwarka ta fi son jar kaza, kuma kana da wurin layi biyu, sai ka hau ta biyu.

Mai kiwon sha'awa da ke da Light Brahma tuni rabin aikin yana hannunsa, jan zakara kawai ya rage. Mai kiwon nama, burola ko Noiler, bai da buƙatar ko ɗaya daga ciki, maza ma sun fi saurin nauyi. Fiffike da dubura kuwa a bar wa gidajen ƙyanƙyasa, sai fa idan sana'ar kake son koya, nan kuma sai ka nemi gwani ka zauna a gabansa da kwandon zakarun da ba a damu da su ba.